Injin Malam Gide Ya Koma Gas

Malam Gide mai walda ya daina jin wari da ƙamshi tun da daɗewa, kuma a duk Ƙanƙara ba wanda ya sani sai matarsa Zulfa da Mas'udu ɗan ƙanwarsa. Hayaƙin walda ne ya cinye masa hanci a hankali, cikin shekarun da ya yi sunkuye a kan ƙarfe, ba abin da ke tsakaninsa da wuta sai baƙin tabarau na kasuwa. Zulfa ta gane ne daga miya. Mas'udu kuwa ya gane ne wata safiya da ɓera ya mutu ƙarƙashin tarin rodi a rumfarsu, wari ya hana kowa tsayawa, shi kuma Malam Gide ya zauna dab da wurin ya sha kokonsa da ƙosai hankali kwance. Mas'udu ya fitar da mushen, ya ajiye abin da ya gani a ransa.

Kada a ɗauka Malam Gide mutumin kirki ne. Hannunsa yana da kyau, bakinsa ba shi da shi. Ya ɗauko Mas'udu daga Pauwa bayan rasuwar ubansa, ya ciyar da shi, ya koya masa aiki da mari da guntun waya. Yanzu Mas'udu magidanci ne mai mata da 'ya'ya, gemu ya cika masa fuska, amma a rumfar walda da ke bakin kasuwa har yau ba shi da matsayi. A gaban masu kawo aiki ake ce masa jaki. Uwarsa Hajaratu, wadda ta baro Pauwa lokacin da zaman ƙauye ya gagara, tana zaune a ɗakin da yayanta Malam Gide ya ba ta a bayan gidansa. Tana ji, tana haɗiyewa.

A wajen masu walda na wannan yanki, mai koyo ba ya zama mai kansa sai maigidansa ya yaye shi. Ana tara 'yan sana'a, a raba goro da dabino, a shafa fatiha, sannan maigida ya ɗauki mariƙin walda, wato abin da ake damƙe sandar ɗinkin ƙarfe da shi, da hannunsa ya danƙa a hannun wanda ya koya wa, a gaban shaidu. Wanda ya tafi ba tare da haka ba, ba mai ara masa ko guduma, masu sayar da ƙarfe suna yi masa kallon ɓarawo, mutane kuma su ce ƙofar da ya haɗa ba ta da albarka. Mas'udu ya roƙi yaye da bakinsa. Ya turo uwarsa. Ya turo limamin unguwa. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: hannunsa bai nuna ba tukuna.

Ƙarya ce. Mas'udu ke awo, shi ke yanka, shi ke ɗaga ƙarfe, shi ke haɗa duk inda ba a gani. Malam Gide sai ya zo a ƙarshe ya karɓi mariƙi ya ja ɗinkin da ke fuskar ƙofa, inda idon mai kaya zai sauka. Idonsa ya fara dushewa, bayansa ya riƙe. Mariƙin nan ne kaɗai ya rage masa, kuma ya gwammace ya take ɗan ƙanwarsa har abada da ya sake shi.

Injin da suke aiki da shi tsoho ne mai shan fetur, mai igiya, a ɗaure kan baro, domin wutar gari ba abin dogaro ba ce. Malam Gide ya san shi da kunne. Daga ƙara kawai yakan gane ko datti ya shiga kafireta ko fulogi ya yi baƙi. Da fetur ya yi tsada, injin ya koma cin fiye da abin da yake kawowa, alhali aiki bai ragu ba, don yanzu kowa a ƙauyukan nan ƙofar ƙarfe yake so, da sakata mai kauri. Mas'udu ya kawo shawarar a mai da injin ya riƙa shan gas, kamar yadda masu janareta suke yi a Funtua. Malam Gide ya ce shi ba zai yi walda da tukunyar girki ba, in Mas'udu girki yake sha'awa ya je ya taya matarsa. Mazauna rumfar suka yi dariya.

Abin da ya karya shi jarka ce. Alhaji Mani, wani mai sayen hatsi a Mairuwa, ya ba su aikin ƙofofin sito. Suka ɗora injin a bayan akori-kura tare da jarkar fetur. A hanyar 'Yargoje masu gadin hanya suka tsayar da su. A nan, duk wanda aka gani da fetur a jarka ya nufi bayan gari, zargin farko shi ne mutanen daji yake kai wa. Aka sauke Malam Gide, aka zaunar da shi a ƙasa cikin rana, wani saurayi ya tuɓe masa hula ya leƙa cikinta. Sai da Alhaji Mani ya yi ta kira a waya, ana miƙa wayar daga wannan zuwa wancan, kafin aka sake su, jarka kuma ta tsaya can. Suka juyo gida ba su yi aikin ba. Washegari Malam Gide ya ce da Mas'udu, ba tare da ya dube shi ba, ya kira mutumin nan nasa.

Mutumin shi ne Rabo, bakanike ɗan Sabuwa mai zama a Funtua, gajere mai yawan surutu. Ya zo da kayansa a jakar buhu, ya shimfiɗa kwali ya zauna gaban injin. Ya kwance murfin iska, ya zare tsohuwar kafireta, ya ce wannan ai ta kai a yi mata sallar gawa. Malam Gide ya fizge ta ya naɗe a tsumma. Sabuwar da Rabo ya ɗaura baki biyu gare ta, ɗaya na fetur, ɗaya na gas. Ya soka tiyo a bakin gas ɗin, ya matse shi da zoben ƙarfe mai noti har sai da robar ta lotsa. Tiyon dogo ne da gangan: aka bi da shi ta ƙarƙashin kwanon bango zuwa bayan rumfa, inda aka ajiye tukunyar gas ɗin nesa da tartsatsi. Rabo ya sa aka kawo baho da ruwa aka zaunar da tukunyar ciki. Ya ce injin walda ba kamar murhu ba ne, in ya fara zuƙa da ƙarfi tukunya takan yi zufa, ta yi sanyi har jikinta ya yi fari, sai gas ya daina fitowa da kyau injin ya riƙa shaƙewa. Ruwan ne yake hana haka.

Daga nan ya kaɗa omo a gwangwani ya shafa kumfar a kowane mahaɗi, ya nuna musu cewa inda iska ke tsiyaya kumfar za ta yi ƙwai. Ba inda ya yi. Sannan ya juya ga Malam Gide.

"Baba, fetur in ya zuba kana ganinshi. Wanga ba ka ganinshi. Kuma ba sama yake tashi ba kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya ya bi ƙarƙashin ƙafarka. Mai gadinka guda ne, hancinka. Da ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kar ka taɓa komi, tahi ka rufe tukunya."

Malam Gide ya ce shi za a koya wa wuta, shi da yake narka ƙarfe tun Rabo bai san hanyar makewayi ba. Rabo ya yi dariya ya ce duk da haka bari a ɗanɗana wa kowa. Ya ɗan saki iskar. Abdulƙarim mai shayi, da ya tsallako kallo, ya toshe hanci ya ja da baya yana cewa wannan ai gara mushen jaki. Shamsu mai injin niƙa ya tofar da yawu. Malam Gide ya dubi fuskokinsu tukuna, sannan shi ma ya yamutsa tasa. Jinkirin kaɗan ne, ba wanda ya lura da shi sai Mas'udu.

Injin ya tashi a jan farko. Ƙararsa ta yi laushi, baƙin hayaƙin ya ɓace. Malam Gide ya karkata kai yana saurare, kuma a karon farko bai gane abin da injinsa yake faɗa ba. Amma abin ya yi aiki. Tukunya guda tana kai su nesa, kuma a hanya ba mai tambayar mutum me zai yi da tukunyar girki. Suka koma Mairuwa suka gama ƙofofin Alhaji Mani.

A can ne aka yi maganar da ta ɓata komai. Alhaji Mani ya ga Mas'udu ne yake buɗe tukunya, yake daidaita wuta, yake duba tiyo, yake kuma yin rabin ɗinkin. Da aka gama, a gaban leburorinsa masu sauke buhunan masara, ya ce da Malam Gide cikin girmamawa ai lokaci ya yi da za a yaye wannan bawan Allah. Malam Gide ya ji kamar an ce da shi ya tsufa. Ya ce uban Mas'udu ya mutu bai bar ko fartanya ba, shi ya tsince shi da ƙwarƙwata a kai da kwantsa a ido, kuma abin da ya iya duk aro ne. Ya nuna wata ƙofa da take tsaye daidai ya ce ta karkace, ya kwaɗa wa Mas'udu safar hannu a fuska.

"Ko na mutu, sai ya zo kan kabarina ya nemi izini," in ji shi.

Leburorin suka sunkuyar da kai. Mas'udu ya ɗauki safar daga ƙasa ya kaɗe ta ya miƙa masa.

Ba kashe kawunsa ya shirya yi ba, ba kuma ƙona shi ba. Wannan ba wanke shi ba ne, faɗin yadda abin ya kasance ne. Abin da yake so shi ne a kunyata tsohon a gaban jama'a, kunyar da ba ta gyaruwa. Yana so kasuwa duka ta ji warin gas ya cika rumfa alhali Malam Gide yana tsaye a tsakiya bai san komai ba. Sai shi Mas'udu ya ruga ya rufe tukunya, ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Bayan haka ba maƙwabcin da zai yarda tsohon ya sake taɓa injin, mariƙi kuma ba shi da inda zai je sai hannun Mas'udu.

Ya zaɓi ranar kasuwa, saboda taro, kuma saboda ranar injin niƙan Shamsu ba ya hutawa, ƙararsa za ta danne hucin iskar. Ya zaɓi bayan azahar, lokacin da Abdulƙarim ya kashe wutar shayinsa. Ya riga kowa fitowa daga masallaci. Ya sassauta notin zoben, ya janyo tiyon har ya rage a leɓen bakin kawai. Sannan, don ya tabbata injin ba zai tashi ba balle a samu wuta, ya zare hular wayar da ke kan fulogi ya ɗora ta sama-sama kamar tana wurinta. Ya ga ya toshe kowace hanya. Ya tsallaka titi ya sayi fura, ya tsaya gefen mai furar yana sha, idonsa a kan rumfa.

Malam Gide ya dawo ya tarar da wani manomi daga 'Yargoje yana jira da garmar shanu da ta tsage a wuya. Ya ƙwala wa Mas'udu kira, bai ji amsa ba, ya zage shi har da uban da ya mutu. Ya zagaya baya ya murɗa kan tukunya da kansa, ya dawo ya ja igiya. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake ja. Ya sake.

Manomin ya fara shinshina. Ya ce Malam, akwai wani abu da yake wari a nan. A wannan lokacin Malam Gide yana da hanyar tsira a buɗe. Da ya ce to, ya je ya rufe tukunya, da ba abin da ya faru. Amma ya ji tsoron kada a gane shi bai ji ba, kuma ba ya son ɗan ƙauye ya koya masa aikinsa. Ya ce ai haka gas yake, warinsa ne, in mutum bai saba ba ya fita waje. Manomin ya ɗauki hularsa ya fita, ya tsaya can bakin kwata yana fifita da hannu.

Mas'udu yana kallo. Ya ga mutum ɗaya ne ya ji, kuma baƙo ne. Bai isa ba. Yana so Shamsu ya ji, masu tumatir su ji, Abdulƙarim ya taso daga inda yake kishingiɗe. Ya ƙara kurɓar fura.

Sai ya ga Malam Gide ya ɗauko sifana.

Duk wanda ya taɓa zama da tsohon mai inji ya san abin da ke biyo baya. In inji ya ƙi tashi, ana kwance fulogi, a goge shi, a soka shi a hular waya, a jingina ƙarfensa a jikin injin, a ja igiya a duba ko zai yi tartsatsi. Malam Gide ya yi haka sau babu iyaka a gaban Mas'udu, shi ya ma koya masa. Mas'udu ya tuna da tiyo, ya tuna da wutar shayi, ya tuna da injin niƙa, amma ya manta da abin da hannun kawunsa yake yi da kansa ba tare da tunani ba.

Malam Gide ya kai hannu ga hular wayar, ta biyo yatsunsa ba tare da ya ja ba. Ya tsaya ya dube ta jim kaɗan. Sannan ya kwance fulogin, ya goge a hannun rigarsa, ya soka, ya jingina. Da yake idonsa ba ya ganin ƙaramin tartsatsi daga tsaye, ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa, can ƙasa inda iskar ta kwanta. Ya laluba igiya da hannun dama.

Tsakaninsu faɗin titi ne kawai. Ihu ba zai ratsa ƙarar injin niƙa ba, amma ƙafa za ta kai. Mas'udu ya juya yana neman inda zai ajiye ƙwaryar furar don kada ta zube. Ya samu wuri a kan teburin mai furar, ya ajiye ta da kyau. Sannan ya ruga.

Ba ƙara mai ƙarfi aka ji ba. Wuta ce ta shimfiɗu a ƙasan rumfar gaba ɗaya, shuɗiya, ta tashi ta rufe durƙusasshen tsohon, ta koma ta tsaya a bakin tiyon tana huci. Gemunsa ya tafi nan take. Rigarsa ta yadin roba ce, ta kama, ya shiga bugunta da tafin hannu, yadin yana narkewa yana manne masa a yatsu. Kasuwa ta watse. Mata suka zubar da kayansu, wani ya taka tiren ƙwai, Shamsu ya bar injinsa yana niƙa iska. Mutum ɗaya ne aka gani ya nufi wutar maimakon ya guje mata. Mas'udu ya zagaya baya ya rufe tukunya, ya fizge ta daga cikin baho, ya ɗauko bahon ya juye ruwan a kan kawunsa. Shi ya goya shi har bakin titi, shi ya riƙe shi a bayan babur zuwa asibiti.

Kafin la'asar labarin ya gama gari, kuma a cikinsa Mas'udu ne ya ceci kasuwa. Manomin 'Yargoje ya faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya gaya wa tsohon akwai wari, tsohon ya kore shi. Shugaban masu walda ya zo da wasu dattawan sana'a suka zaunar da Mas'udu suka tambaye shi yadda mutum mai shekaru a aiki zai yi irin wannan. Mas'udu ya ce Kawu ba ya jin wari, ya yi shekaru ba ya ji, shi kuma ya rufa masa asiri ne saboda girma. Ya yi hawaye, kuma hawayen na gaske ne, don ya ga hannuwan. Dattawan suka ce Allah ya yi masa albarka, irinsa sun yi wuya. Maƙwabtan rumfa kuwa suka ce da tukunyar ta fashe da yanzu gawarwaki ake ƙirgawa, kuma sun rantse Malam Gide ba zai sake tayar da inji kusa da su ba.

Da aka sallamo shi, Malam Gide ya kwanta a ɗakinsa, hannuwa a naɗe kamar dunƙulen auduga. Zulfa da Hajaratu ke ba shi abinci a baki. Wata rana da hantsi, Zulfa ta tafi gidan suna, Hajaratu ta shigo da kunu. Ya bari ta zauna, sannan ya gaya mata. Ya ce hular waya ba ta zarewa da kanta, shi ya san yadda take kamawa, amma a ranar nan ta biyo hannunsa kamar an ɗora ta. Ya ce zoben da Rabo ya matse a gabansa ba ya kwancewa sai da sukundireba. Ya ce mutum biyu ne suke taɓa injin nan, kuma ba shi ya yi ba.

Hajaratu ta ci gaba da juya kunun da cokali don ya huce. Ba ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

"Wa ka gaya ma wanga zance, Yaya?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya nan."

Ya ce ita ba ta ji abin da ya faɗa ba ne, ɗanta ne ya ƙona shi. Ta ce ta ji sarai.

"Ka tahi ka faɗa gaban mutane. Su ce tsoho ya ƙone hannu ya ƙone hankali, yana ma wanda ya goya shi sharri. In kau sun yarda da kai aka kama shi, wa za ya tada injin? Kai? Zulfa da 'yan matanka su ci mi?"

Ta ɗebo kunu ta kawo bakinsa.

"Ina bayan ɗakinka duk shekarun nan, ina jin abin da kake kiranshi. Buɗe baki."

Ya buɗe.

Ciwon ya warke, amma yatsun suka warke a lanƙwashe, fatar ta ja ta yi sheƙi. Hannun dama ba ya rufewa, na hagu ba ya buɗewa. Duk wannan lokacin Mas'udu ne yake aiki, kullum da yamma yana aiko da cefane gidan kawunsa, bai fasa ko sau ɗaya ba, kuma mutane suna gani. Shugaban masu walda ya zo duba jiki, ya ce bai kamata mutum ya riƙa karɓar aiki ba tare da yaye ba, dokar sana'a ce, kuma ba sauran dalilin jira. Malam Gide ya dubi Zulfa, ya dubi buhun shinkafar da aka aiko jiya yana jingine a bango. Ya ce a sa rana.

Aka yi taron a ƙofar rumfa, wadda Mas'udu ya sake wa kwano ya shafe da sabon fenti. Aka shimfiɗa tabarmi. Masu walda suka zo daga Faskari da Sabuwa, Alhaji Mani ya zo daga Mairuwa, Rabo ma ya zo yana ba da labarin yadda ya gargaɗi tsohon da bakinsa. Liman ya yi addu'a. Shugaba ya ɗauko mariƙin ya miƙa wa Malam Gide, ya rasa inda zai sa shi. Tsohon ya haɗa wuyan hannuwansa biyu, aka saka masa a tsakani. Ya ɗaga, ya miƙa, mariƙin ya zame ya faɗi a kan tabarma.

Mas'udu ya sunkuya ya ɗauka. Shugaba ya ce a'a, ba a ɗauka daga ƙasa, daga hannu zuwa hannu ake yi, in ba haka ba yaye bai yi ba. Don haka Mas'udu ya durƙusa, ya mayar da mariƙin tsakanin wuyan hannuwan kawunsa, ya matse su da tafinsa don kada ya sake zamewa, sannan ya zare shi a hankali. Fuskokinsu suna kusa da juna. Ya ce, a muryar da kowa zai ji, Allah ya ƙara wa Kawu lafiya.

Aka nemi Malam Gide ya faɗi abin da ake faɗa. Ya ce ya yaye Mas'udu ɗan Hajaratu, ya yarda da hannunsa, duk abin da ya yi masa wanda ya sani da wanda bai sani ba ya yafe. Aka shafa fatiha. Daga cikin gidan maƙwabta, inda mata suka taru, aka ji guɗa, kuma ta Hajaratu ce ta fi tsawo.

Aka kawo shinkafa da wake a faranti, kowa da nasa, da mai da yaji. Mutane suka wanke hannu suka sa. An ajiye wa Malam Gide nasa a gabansa, an zuba masa nama fiye da na kowa saboda girmansa. Matan da ke ba shi a baki suna ciki, kuma ba zai aika a kira su gaban maza ba. Ya zauna hannuwansa a kan cinya. Kowa ya juya wajen Mas'udu, wanda ya tashi zai yi ɗinkinsa na farko a matsayin mai kansa. Ya shafa ruwan omo a mahaɗi a gaban jama'a, ya buɗe tukunya, ya ja igiya, injin ya tashi.

Ƙudaje suka sauka a kan naman. Can wani mai kwashe faranti ya zo, ya ga shinkafar ba a taɓa ba, ya tambaya ko Malam ya ƙoshi ne. Malam Gide ya ce ya ƙoshi. Mutumin ya ɗauke farantin.